Ido na Biyu a Kan Aikin Tasi'u

Shekara shida ke nan cif da muka kai Tasi'u makwancinsa a Ɗanzomo. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna in tashi ban rubuta ko harafi ba. Bana dole ce ta sa. 'Yarsa Sa'adatu, wadda ya bari tana da shekara goma sha uku, yanzu tana aji biyu a jami'a tana karatun kwamfuta, kuma a hutun da ya wuce ta zo gidana a Gumel da buƙata guda ɗaya. Ta ce, "Baffa Lawan, kowa yana ce mini mahaifina gwani ne. Ni dai ka nuna mini layi ɗaya da ya rubuta da hannunsa, in gani da idona." Na ce mata wannan ai abu ne mai sauƙi, ta dawo ranar Juma'a. Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Ga wanda bai san shi ba, Tasi'u abokina ne tun muna sakandare. Ɗan manomin gero da riɗi ne, ya je birni ya karanci kwamfuta, aka yi masa tayin aiki a can ya ce shi zafin Gumel ya fi masa sanyin ofis. Mu huɗu ya tara a wani ɗaki a bayan tasha, da sola ɗaya da fanka ɗaya mai juyawa idan ta ga dama. Abin da muka gina manhajar waya ce don kasuwar kara ta Maigatari. Duk saniya ko raƙumin da aka shigo da shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta shaidar da ke jikinsa, ko tsagar kunne ce ko tabon lalas. Idan an sace dabba a Gagarawa ko can cikin Nijar ta ɓullo a kara ranar Alhamis, sai a gane ta. Idan cuta ta ɓarke, malaman dabbobi su san garken da ta fito.

Rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi muna kiransa kod, kuma ana tara shi wuri ɗaya a intanet, wurin da mu muka sa wa suna rumbu. Kyawun rumbun nan shi ne ba ya mantuwa. Kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi, da ranar da ya rubuta, da ɗan bayanin abin da ya sa. Tasi'u ya yi shekara huɗu yana zuba aiki a ciki. Wannan ne ya sa na yi wa yarinyar alkawari gaba gaɗi, don a sanina ko ido rufe na buɗe rumbun nan sunansa zan fara cin karo da shi.

Amma ba a gaban kwamfuta na fi tuna shi ba. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ya sa a rufe komai, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ofis, kowa ya faɗi da Hausa abin da ya gina a satin da abin da ya ɓata. Ba a yarda ka ɓuya a bayan Turanci ba. Idan ka fara zuba manyan kalmomi sai ya nuna mai shayin tsallaken titi ya ce, "In wancan bawan Allah ba zai gane ba, kai ma ba ka gane ba tukuna." Yana da wani babban littafi mai baƙin bango irin na rajistar makaranta, shi muke kira littafin dalili. Duk abin da aka yanke a kan tabarma sai ya shiga ciki: me ya faru, don me aka yi haka, wa ya koya mana. Kuskure ma yana shiga, da sunan mai shi ɓaro-ɓaro, kuma nasa ya fi na kowa yawa don shi yake fara tona kansa. Mansur, wanda ya fi mu duka saurin hannu da saurin gajiya da zama, yakan ce mu ba injiniyoyi ba ne, zauren sulhu muka buɗe. Tasi'u sai ya yi dariya ya miƙa masa biro.

Akwai shafin da ba zan manta ba, na goma sha bakwai. A farkon manhajar mun sa wani ɗan akwati a shafin farko, inda mai dabbobi zai faɗi yawan dabbobinsa. A wurinmu wannan ba abin tsayawa tunani ba ne, kowace takardar cikewa haka take farawa. Muka ɗauki waya muka tafi Maigatari ranar kasuwa cike da jin kai, aka haɗa mu da wani dattijo, Arɗo Buba, wanda makiyaya da yawa ke bin maganarsa daga wannan ɓangare da wancan na iyaka. Mansur ya gaishe shi, ya ɗaga waya, ya ce, "Arɗo, shanunka nawa?" Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki sandarsa ya tafi, mutanensa suka bi shi. Muka tsaya kamar an dasa mu. Wani dillali ne ya tausaya mana ya ce makiyayi ba ya faɗin adadin dukiyarsa ga baƙo. Wasu tsoron baki suke, wasu kuma tun zamanin jangali suka gaji sanin cewa duk wanda ya zo da takarda yana ƙirga shanu ba alheri ya kawo shi ba.

Alhamis ta gaba Tasi'u ya koma da goro ya ba Arɗo haƙuri, ya yi wunin nan zaune a inuwar mota yana sauraro. Da ya dawo ya cire akwatin, ya kuma gyara manhajar yadda ba ta taɓa haɗa jimla, ba ta nuna wa kowa yawan dabbobin mutum, sai dai ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya yadda mai su ya ga damar kawowa. A saman wannan wuri a cikin kod ya rubuta da Hausa: "Kada a tambayi makiyayi adadi. Kada a nuna jimla. Duba littafin dalili, shafi na sha bakwai." A littafin kuma ya rubuta cewa Arɗo Buba ne ya koya mana, Mansur ne ya yi tambayar, Tasi'u ne ya sa akwatin, ido na biyu kuma Lawan.

Wannan ido na biyu ita ce dokar da bai taɓa sassautawa ba. Ba wani gyara da zai shiga rumbu sai wani daban ya karanta shi ya danna maɓallin amincewa. Ko nasa ne, sai ya jira. Na sha ganinsa yana kai da komo a ƙofar ofis, aikinsa ya gama tun hantsi, yana jiran in gama cin ɗanwake in karanta masa. Yakan ce wannan maɓalli shaida ce, irin wadda ake tsayawa a bayar a wurin ɗaurin aure, kuma mutumin kirki ba ya shaidar abin da bai gani ba. A lokacin nakan ce masa ya cika tsanani, layi uku ne fa. Ya ce in layi uku ne ai karantawar ba za ta kashe ni ba.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi cikin wata huɗu. Ranar addu'ar bakwai mahaifiyar Sa'adatu ta aiko a kira mu soro, ni da Mansur. Ta sa aka miƙo wa Mansur kwamfutar Tasi'u, ni kuma aka miƙo mini baƙin littafin. Ta ce daga bayan ƙofa marigayi ya ce amana ce a hannunmu mu biyu, kada tabarma ta naɗe, kada a rufe wa yaran ƙasar nan rumbu idan sun zo koyo. Mansur ya fi ni kuka ranar. Shi ya fara cewa in Allah ya yarda ba abin da zai canja, ni na bi bayansa da amin.

Tabarma ta yi shekara ɗaya. Daga nan wani kamfani ya ɗauki nauyin aikin, Mansur ya mai da ofis Kano, zaman Juma'a ya koma zauren hira a waya inda kowa ke turo hannun jinjina ba wanda ke karanta na wani, daga bisani shi ma ya mutu ba a yi masa jana'iza ba. Ni na koma koyarwa a wata kwaleji a nan Gumel, aka bar sunana a rumbu don girmamawa. Sauran biyun kowa ya kama gabansa. Mansur ya ɗauki sababbin ma'aikata waɗanda ba su taɓa jin warin kara ba.

A cikin shekarun nan kuma sana'ar tamu ta juye kamar ba ita ba. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka gaya wa abin da kake so da baki, su rubuta maka kod kafin shayinka ya huce. Suna karanta aikin shekara su taƙaita maka shi a sakin layi biyu, su nemo kuskure, su rubuta bayani, har ido na biyun ma wasu sun bar musu. Ɗalibaina suna gina a sati ɗaya abin da ya ci mana damina guda. Nakan tambayi kaina me Tasi'u zai ce da ya ga wannan zamani, kuma na san ba zai zauna yana tsaki irin na tsofaffi ba. Shi da ya taɓa hawa babur har Kano don kawai ya sauke wata sabuwar manhaja a inda sabis ke da ƙarfi, da shi zai fara rungumar abin. Sai dai na tabbata ranar Juma'a zai ce a kawo abin da na'urar ta rubuta kan tabarma, wanda ya sa ta ya bayyana da bakinsa, in ya kasa a mayar masa. Na'ura ta san abin da aka rubuta a duniya kaf, amma ba ta ga Arɗo Buba yana kakkaɓe riga ba.

Bayan Sa'adatu ta tafi na buɗe rumbun, karo na farko cikin fiye da shekara. Na nemi sunan Tasi'u, babu. Na ɗauka kuskuren rubutu na yi, na sake, babu. Na gangara can ƙasan tarihin inda ya kamata in ga ranar da ya aza tubalin farko, sai na ga tarihin gaba ɗaya ya fara ne shekara biyu da suka wuce, da shigarwa guda ɗaya mai ɗauke da dubban layuka, kowane layi da sunan Mansur. An ƙaura zuwa sabon rumbu, an dunƙule shekarun baya an mai da su rana ɗaya, an rufe tsohon an goge shi. Bayanan Hausa da Tasi'u ya warwatsa a cikin kod duk an share su. Na je wurin da gargaɗin nan yake, ban same shi ba. Abin da na samu a shafin farko na manhajar shi ne ɗan akwatin nan, ya dawo, har da jan tauraro a gefensa mai nuna ba a wucewa sai an cike.

Na rufe rumbun. Na tuna kwamfutar Tasi'u, wadda ke da cikakken tsohon tarihin, na kira ɗaya daga cikin ma'aikatan Mansur na tambaya, ya ce ai tuni aka wanke ta aka ba wata sabuwar ma'aikaciya. Wato kwamfutar da mace mai takaba ta miƙo ta bayan ƙofa. Ban taɓa jin an ci amanata irin ranar ba, kuma ba tawa ce ma aka ci ba, ta wanda ba ya nan balle ya tsaya wa kansa. Mutumin da bai taɓa barin sunan kowa a baya ba, wanda ya rubuta sunan dillali da na mai shayi a littafi don sun faɗi kalma ɗaya mai amfani, shi aka share kamar allon ƙaramin aji.

Da na ji Mansur zai zo Maigatari ranar Alhamis sai na hau mota na same shi a kara. Ya yi ƙiba, amma idanunsa sun yi zuru-zuru. Makiyaya sun daina amfani da manhajar, wata bayan wata ana ta raguwa, kamfani ya matsa masa lamba, shi kuma ya kasa gane dalili. Ya sa na'ura ta bincika masa, ta ce ko launin shafin ne, ko nauyin manhajar a ƙananan wayoyi. Ya canja launi har sau uku. Tun kafin in buɗe baki ya ce dama yana nemana, in ba shi littafin nan na Tasi'u a ɗauki hotonsa a zuba wa na'ura, ƙila amsar tana ciki.

Na ce, "Amsar tana shafi na sha bakwai, kuma da bakinka ka yi tambayar. Ka manta Arɗo Buba?"

Na ga abin ya dawo masa. Ban tsaya nan ba. Na gaya masa duk abin da ke raina a tsakiyar mutane da shanu, na ce ya ci amanar mamaci, ya ɗora sunansa a kan gumin wani, ya naɗe tabarma, ya wanke kwamfutar marainiya. Ya ce shi bai yi don ya mallake aikin kowa ba. Kamfani ne ya ce a koma sabon rumbu a tsaftace kod, ya sa na'ura ta yi, ita ta ga bayanan Hausa ta ɗauke su tarkace, ta ga takardar cikewa ba adadi ta ɗauka mantuwa ce ta gyara. Ɗauko tsohon tarihin kuma aikin kwana biyu ne, shi ko a lokacin ba shi da kwana biyun. Na ce kwana biyu ne ya fi ƙarfinsa a kan mutumin da ya koya masa riƙe aiki. Har yau ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa masa ba.

Sai ya ciro wayarsa ya ce, "Lawan, dokar Tasi'u guda ɗaya ban karya ba. Ba abin da ke shiga rumbu sai da ido na biyu. Duba wanda ya amince."

Na duba. Sunana ne.

Nan take ranar ta faɗo mini. Ina Sule Tankarkar wurin ɗaurin auren ɗan yayata, ana rabon goro da dabino, waya ta yi ƙara a aljihu. Saƙon Mansur ne, yana cewa ƙaura ce kawai zuwa sabon rumbu, ba wani canji, in taimaka in danna masa don suna sauri. Na ga yawan layukan, na ga ana miƙo mini faranti, na ce Mansur ai ya san abin da yake yi. Na danna da babban yatsa ina gaisawa da wani da ɗaya hannun. A wurin ɗaurin aure, inda aka tara mu mu zama shaidu, na ba da shaidar abin da ban gani ba. Bayan sati biyu kuma da aka ce kowa ya sauke sabon rumbu, ni da hannuna na goge tsohon da ke kwamfutata don ya cinye mini wuri. Da na buɗe shafi ɗaya kacal a ranar, da na ga an cire gargaɗin, da na ga tarihin ya zama layi ɗaya. Minti biyar ya isa.

Ban ba Mansur littafin ba. Na ce ya je ya cire akwatin, ya sayi goro ya nemi 'ya'yan Arɗo Buba, don tsohon shi ma ya riga mu gidan gaskiya. In yana son sauran abin da ke ciki, ya zo Gumel ranar Juma'a ya zauna a ƙasa a karanta masa. Bai zo ba har yanzu, ko da yake na ji an cire akwatin.

Ranar Juma'a Sa'adatu ta zo bayan la'asar kamar yadda muka yi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zauna tare da matata, na gaya mata komai ban rage ba, har da farantin goro. Na ce layin da ta roƙa ba ni da shi, ba kuma wanda yake da shi a duniya. Kod ɗin mahaifinta yana nan yana aiki, wani sashe nasa, amma ba wanda zai iya nuna wani layi ya rantse cewa wannan nasa ne. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Na ɗauko baƙin littafin na ajiye a gabanta, na ce wannan ne abin da ya rage, kuma nata ne.

Ta daɗe tana buɗawa. Rubutunsa ne mai kwanciya gefe ɗaya, da tabon shayi a wasu shafukan. Ta karanta na sha bakwai sau biyu, ta yi ɗan murmushi a inda ya rubuta sunansa a matsayin wanda ya sa akwatin. Ina kallonta ina auna abin da ya saura na Tasi'u. Sunansa ya fita daga rumbu, tabarmarsa ta naɗe, mutum biyun da ya ba amana ɗaya ya yi sauri ɗaya ya yi lalaci. Abin da ya tsira shi ne abin da muka fi yi masa dariya a kai, littafin da ya rubuta da biro don wanda zai zo bayansa ya san dalili.

Ta kai shafin ƙarshe da ya rubuta, ta juya zuwa farin da ke binsa. Sai ta zaro biro daga jakarta ta miƙo mini. Ta ce, "Baffa, na ga duk kuskuren da aka yi yana ciki. Wannan bai shiga ba."

Na karɓa. Na rubuta cewa an share sunan Tasi'u daga aikinsa, an kuma mai da akwatin adadi. Dalili, sauri. Wanda ya kawo, Mansur. Da na zo layin ƙarshe hannuna ya tsaya, ita kuma ta zuba mini ido irin na ubanta, tana jira. Na rubuta: ido na biyu, Lawan, bai karanta ba.

Ta jawo littafin, ta karanta daga farko har ƙarshe a hankali, sannan ta rattaba hannu a ƙasan rubutuna a matsayin ido na biyu.

Allah ya jiƙan Tasi'u, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa.